Ɗan Issa: Dukiyar 'yan kasuwa ta koma cikin waya da kwamfuta, wa ke gadinta?

Garin Ɗan Issa da ke gundumar Madarumfa a jihar Maraɗi yana zaune ne a kan tsohuwar hanyar fatauci wadda ta taso daga Kano, ta ratsa Katsina da Jibiya, ta shiga Maraɗi. A nan ofishin duwan yake, a nan manyan motoci ke jeruwa suna jiran takardu, a nan kuma naira da sefa ke kwana cikin aljihu ɗaya. Hanyar ba ta canza ba, amma wurin da ake ajiye shaidar cinikin ya canza. Littafin bashin da a da ake kullewa cikin akwati ya koma saƙon murya a WhatsApp. Rasiɗin kuɗin da aka tura ya koma hoto a cikin waya. Bayanan kayan da ke kan mota kuwa sai an shigar da su kwamfuta, domin hukumar duwan ta Nijar tana aiki ne da manhajar SYDONIA, wadda hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da kasuwanci ta samar wa ƙasashe da dama.

Ɗan kasuwar da ke biyan maigadi duk wata, ya sa kwaɗo biyu a ƙofar sito, shi ne kuma wanda zai miƙa wayarsa a buɗe ga yaron shagon caji, ko ya bar shekarar haihuwarsa a matsayin lambar sirri. Wannan giɓi shi ne abin damuwa. Dukiya ta yi ƙaura, gadi bai bi ta ba. Kuma a gari irin Ɗan Issa, inda yawancin ciniki ke tafiya bisa amana, ɓatan waya ɗaya ko mutuwar kwamfuta ɗaya na iya raba abokan hulɗar shekara ashirin, saboda babu sauran shaidar wa ke bin wa.

Hatsari na farko ba ya bukatar ɓarawo. Wutar lantarkin da yankin Maraɗi ke sha, mafi yawanta daga Najeriya take zuwa ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar a ƙarƙashin takunkumin ƙungiyar ECOWAS, ba a kuma mayar da ita ba sai a watan Maris na 2024. A irin wannan hali kowa kan koma ga janareto da sola, da wutar da ke zuwa tana tafiya ba sallama. Kwamfutar da wuta ta ɗauke mata tana tsakiyar rubuta bayani kan lalata fayil, wutar da ta dawo da ƙarfi kuma kan ƙona rumbun ajiyar gaba ɗaya. A haɗa da zafin bazara, da ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'ura, da ruwa. Daminar 2024 ta nuna wa jihar Maraɗi abin da ambaliya ke iya yi wa gidaje da shaguna, gobarar da ta cinye wani ɓangare na babbar kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 kuma ba ta yi nisa da za a manta ba. Wanda duk bayanansa ke cikin na'ura ɗaya, a ɗaki ɗaya, dare ɗaya ya ishe shi ya wayi gari ba shi da komai.

Maganin wannan tsohon sani ne a wurin masu aikin kwamfuta: kowane bayani mai muhimmanci ya zama yana da kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri dabam. Ga mai shago, ma'anarsa ita ce kwafi a kwamfutar aiki, kwafi a rumbun ajiya na hannu da ake cirewa a kai gida, sannan kwafi a ma'ajiyar intanet irin ta Google ko Microsoft. Wasu za su ce ai ma'ajiyar intanet kaɗai ta wadatar. Tarihin 'yan shekarun nan bai goyi bayansu ba. A ranar 24 ga Fabrairu, 2021, an rufe intanet ɗin wayar salula a Nijar na kusan kwana goma bayan sanar da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da yawa suka shiga matsala, har da Nijar da Najeriya. Wanda ya dogara da intanet kaɗai, ranar da ta tsaya shi ma ya tsaya. Wanda ya dogara da rumbun gida kaɗai, ranar gobara ya shiga uku. Dole sai an haɗa biyun.

Manyan kamfanoni ma da tsada suka koyi wannan darasi. A watan Yunin 2017, wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ta shafe kwamfutocin kamfanin jiragen ruwa na Maersk a faɗin duniya cikin ɗan lokaci. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito daga baya, kwafi ɗaya tak na wani jigon bayani ya tsira, a ofishin kamfanin da ke Ghana, kuma dalilin tsirarsa shi ne wuta ta ɗauke a can kafin harin, na'urar ba ta kan layi. Sai da aka ɗauko rumbun a hannu, aka bi da shi ta Najeriya zuwa Ingila. Kamfanin ya sake girka kwamfutoci 45,000, ya kuma yi asarar da ta kai dalar Amurka miliyan 250 zuwa 300. Abin da ya ceci Maersk bisa sa'a, wato kwafin da ba ya jone da komai, ɗan kasuwar Ɗan Issa zai iya tanadarsa da gangan da kuɗin da bai kai na buhun shinkafa biyu ko uku ba.

Hatsari na biyu yana cikin manhajojin da ake aiki da su. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa kwamfutoci da yawa a shagunan buga takardu da ƙananan ofisoshi na yankin nan tsofaffi ne da aka shigo da su daga waje, aka ɗora musu Windows da Office na sata. Manhajar da aka fasa ba ta da mai ɗaukar alhakinta, sau da yawa kuma wanda ya fasa ta kan bar wa kansa ƙofa. Ko ta halal ce, tana da wa'adi. Microsoft ta daina aika gyaran tsaro ga Windows 7 tun 14 ga Janairu, 2020, ta kuma rufe tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Harin WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har ya tsayar da ayyuka a asibitocin Birtaniya, ya bi ne ta wata kafa da Microsoft ta riga ta fitar da gyaranta wata biyu kafin nan. Waɗanda suka sabunta na'urorinsu sun tsira, waɗanda suka ce sai gobe sun sha wuya.

Irin wannan manhaja garkuwa take yi da bayanai. Takan kulle duk fayilolin mutum, sannan ta nemi kuɗin fansa kafin ta buɗe. Mutanen Madarumfa da Jibiya ba sa bukatar a yi musu bayanin ma'anar kuɗin fansa, sun kuma san cewa biya ba ya tabbatar da komai. Bambancin kawai shi ne a nan akwai hanyar ƙin biya: wanda ke da kwafi a ajiye sai ya goge na'urarsa ya sake ɗorawa.

A ɓangaren waya ma haka abin yake. Manhajojin da aka yi wa kwaskwarima irin su GBWhatsApp, da waɗanda ake turawa hannu da hannu ta Xender, da katin memorin da ya zaga shagunan tura waƙoƙi da finafinai, duk hanyoyi ne da cuta ke bi. Kamfanin WhatsApp da kansa yana gargaɗi a kan irin waɗannan manhajoji, yana kuma rufe asusun masu amfani da su. Matashin da ya ɗora su don ya karanta saƙon da aka goge, ya sani cewa bai san wanda ke karanta nasa ba.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce tsada. Gaskiya ne cewa kuɗin lasisin manhaja ya fi ƙarfin mai ƙaramin shagon buga takardu, kuma ba adalci ba ne a yi masa wa'azi kamar shi ne banki. Sai dai akwai manhajoji na kyauta kuma na halal. Linux na tafiya lafiya a kan tsofaffin kwamfutocin da Windows 11 ya ƙi karɓa, LibreOffice kuma na buga wasiƙa, yana yin lissafi, yana buɗe takardun Word da Excel. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai koyarwa.

Hatsari na uku shi ne wanda ya fi shafar iyalai, musamman masu 'yan uwa a ƙetare. Kuɗin cefane da na asibiti da na makaranta yanzu ta waya suke zuwa, ta kamfanonin tura kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana a Nijar, ko ta asusun banki da na manhajojin kuɗi a Najeriya, musamman tun bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tura har masu tallan tebur zuwa karɓar tiransifa. Macuci ba ya bukatar fasa kwamfutar kamfani. Ya ishe shi ya kira mutum ya ce daga ofishin kamfanin waya yake, ko ya ce ya tura wata lamba bisa kuskure a taimaka a karanta masa. Lambar nan mai alƙaluma shida ita ce makullin WhatsApp. Da ta shiga hannunsa, asusun ya zama nasa, sai ya shiga aika wa ɗan uwan da ke Saudiyya ko Libiya ko Legas cewa an kwantar da tsohuwa a asibiti, a turo kuɗi maza. Kariyar wannan kyauta ce kuma ba ta cin minti biyar: a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a cikin saitin manhajar, kada a karanta wa kowa lambar da ta shigo ta saƙo ko da ya ce shi ma'aikaci ne, kuma duk roƙon kuɗi na gaggawa a tabbatar da shi ta kiran murya a lambar da aka sani, tare da tambayar da ɗan gida kaɗai ke iya amsawa.

Zama a bakin iyaka na ƙara wata matsalar da mutumin Yamai ko Abuja ba lallai ya san ta ba. Mutane da yawa na riƙe layi biyu, na Nijar da na Najeriya. Tun watan Disambar 2020 Najeriya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, aka kuma toshe layukan da ba su cika sharaɗin ba a 2024. Wanda ba shi da takardar, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce a yi masa rajista da sunan wani. Ranar da wayar ta ɓace, mai sunan ne kaɗai ke iya dawo da layin, kuma duk saƙonnin sirri na banki gare shi za su je. Haka nan layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba, kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani. Matashin da ya tafi ci-rani ya bar layinsa a aljihun tsohuwar riga, asusunsa kuma na ɗaure da wannan layi, ya bar makullinsa a kan hanya.

Zuwan Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, a Nijar kuma a 2025, ya kawo intanet mai ƙarfi zuwa wuraren da rezo ke wahala, har wasu matasa sun samu sana'ar sayar da shi sa'a-sa'a. Abu ne mai kyau. Amma na'urar rarraba intanet da aka bari da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, kowa na iya shiga ya juya ta. Kuma bai dace kwamfutar da ake tura kuɗi ko ake cike takardun duwan da ita ta zauna a kan layi ɗaya da wayoyin duk wanda ya sayi sa'a guda ba. Yawancin na'urorin nan na iya buɗe layin baƙi dabam da na aiki, abin da ake bukata kawai shi ne wanda ya san inda zai taɓa.

Kada wani ya ɗauka cewa masu kutse ba su san da Nijar ba. A watan Nuwambar 2022, kamfanin tsaron intanet na Group-IB ya fitar da rahoto a kan wani gungu mai magana da Faransanci da aka yi wa laƙabi da OPERA1ER, wanda ya kai hare-hare fiye da 30 a kan bankuna da kamfanonin sadarwa tsakanin 2018 da 2022, ya sace aƙalla dalar Amurka miliyan 11. Nijar da Najeriya na cikin jerin ƙasashen da abin ya shafa, tare da Mali da Burkina Faso da Benin. Gungun bai ƙirƙiro wani makami na musamman ba. Saƙonnin imel na bogi ya riƙa aikawa da sunan ofishin haraji ko neman ma'aikata, ma'aikaci ɗaya ya buɗe, su kuma su zauna cikin na'urorin na tsawon watanni suna nazari kafin su kwashe kuɗi. A 2023 'yan sandan ƙasa da ƙasa na Interpol suka sanar da kama wani da ake zargin jigo ne a gungun a ƙasar Kodebuwa. In haka ta faru da bankunan da ke da ma'aikatan tsaro, ƙaramin wakilin tura kuɗi mai kwamfuta ɗaya ya kamata ya shafa wa gemunsa ruwa.

A ɓangaren doka, Nijar ba ta rasa rubutu ba. Akwai doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli, 2019 da ke hukunta laifukan intanet, ciki har da kutse da zamba. Akwai dokar kare bayanan mutane ta 2017, wadda aka sabunta a watan Disambar 2022, da hukumar HAPDP da aka ɗora wa alhakin aiwatar da ita. Abin takaici shi ne jama'a sun fi sanin dokar ta 2019 ta hanyar shari'un 'yan jarida da masu rubutu a Facebook. Da ita aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a watan Yunin 2020. A 2022 an cire hukuncin ɗauri a kan ɓata suna ta intanet, a ranar 7 ga Yuni, 2024 kuma Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan dokar da ta dawo da shi. Duk wannan kai-komo a kan magana ake yin sa. Ɗan kasuwar da aka kwashe wa jari ta waya shi ma dokar ta san da shi, kuma yana da haƙƙin ganin irin wannan himma a kan tasa ƙarar. Muddin mutane na kallon dokar a matsayin tarkon masu magana, ba za su ɗauke ta a matsayin garkuwar dukiyarsu ba.

Sannan akwai batun iyaka. Ana iya damfarar mutum yana zaune a Ɗan Issa, kuɗin su faɗa asusun da ke Najeriya cikin daƙiƙa, ko akasin haka. Jandarman da aka kai wa ƙara ikonsa ya tsaya a shinge. Ficewar Nijar daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu, 2025 ta rage hanyoyin haɗin gwiwa, amma hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya da aka kafa a 1971 tana nan. Ya kamata batun zamba ta waya, da yadda za a riƙa tsayar da kuɗin sata cikin gaggawa a ɓangarorin biyu, ya shiga cikin abubuwan da take tattaunawa.

Kowa na da nasa kason. Hukumar ARCEP mai sa ido a kan kamfanonin sadarwa ta tilasta wa Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms su riƙa aika gargaɗi cikin Hausa, da murya, domin rubutun Faransanci ba ya isa ga mafi yawan masu riƙe da waya a karkara. Kamfanonin tura kuɗi su horar da wakilansu, su kuma samar da lambar da za a kira a tsayar da asusu ko da tsakar dare ne. Hukumar ANSI, wadda ke jagorantar shirin ƙauyuka masu intanet da Bankin Duniya ya ware wa dalar Amurka miliyan 100 a 2020, ta tuna cewa kai intanet ga wanda ba a koya wa kare kansa ba rabin aiki ne. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ba ta da nisa da Ɗan Issa, kuma ɗalibanta masu karatun kwamfuta za su amfana, garin ma ya amfana, in aka tura su gwajin aiki a shaguna da ofisoshin ƙaramar hukuma da ƙungiyoyin 'yan kasuwa.

Masu gyaran waya da kwamfuta su ma su gane girman amanar da ke hannunsu. Hotunan iyali da asirin cinikin mutane na wucewa ta teburinsu kullum. Lokaci ya yi da za su kafa wa kansu ƙa'ida a ƙungiyance: ba buɗe abin da ba a sa su ba, ba ɗora manhajar da ba a san asalinta ba, ba sayar da tsohuwar na'ura sai an goge ta tas. 'Yan uwa na ƙetare kuma, wanda zai aiko da kwamfuta ya haɗa da rumbun ajiya da na'urar daidaita wuta, wanda zai aiko da waya ya ɓata minti goma a kira ya tabbatar an sa mata makulli na kirki.

A ranar 9 ga Fabrairu, 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. In ya kammala, kaya za su ƙaru a wannan hanya, takardu za su ƙaru, kuma kusan dukansu ta kwamfuta za su bi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da hukumomin Ɗan Issa da Madarumfa suna da damar fara shiri tun yanzu, da abu mai sauƙi: zama ɗaya a wata, cikin Hausa, inda za a nuna wa masu shaguna yadda ake ajiye kwafi, da sauya kalmar sirri, da gane kiran macuci.